Jirin da ke tasowa daga kunne: yadda ake gane shi da atisayen da ake yi masa

Idan jiri ya kwashi mutum a unguwanninmu na Garwa ko Marwa, an san abin da za a yi. A kwantar da shi a ce kada ya motsa, a auna jininsa, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, in da hali a sa masa ƙarin ruwa leda ɗaya ko biyu. Wani lokaci hakan ne daidai. To amma akwai jirin da ke tasowa daga can cikin kunne, shi kuwa kwanciya ba ta yi masa magani, sai ma ta ƙara masa kwanaki. Abin da yake so motsi ne, motsin da aka tsara, wanda mafi yawansa a ɗaki ake yi ba a kashe ko dala ba. Sharaɗin kawai a fara sanin wane iri ne, domin juyin kan da ke raba wani da jirinsa cikin minti biyar, wani ko ya shekara yana yi ba zai ga canji ba.

Abin da ke can ciki

Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan sashe mai aiki biyu: ji, da riƙe daidaiton jiki. Ɓangaren daidaiton yana da siraran bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne ya fuskanci nasa gefen. Da kai ya juya sai ruwan ya motsa, ya tura wasu 'yan gashi masu laushi, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. A gindin bututun akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsu na sinadarin alli, waɗanda ido ba ya iya gani. Nauyinsu ne ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne ƙasa, da kuma ko motar da kake ciki ta tashi ko ta taka birki.

Kunnen dama da na hagu tare suke aiki, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. Muddin ƙarfinsu ɗaya, kunya tana tafiya sak. Da ɗaya ya raunana sai garma ta karkata: ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyawa kake yi alhali kana zaune, ido ya bi ta, zuciya ta tashi. Ban da kunne, ƙwaƙwalwa tana jin ta bakin ido, tana jin ta bakin tafin ƙafa da gaɓoɓi. Saboda haka aikin da ke gabanmu iri biyu ne. Ko dai duwatsun nan sun ɓalle sun shiga bututu a mayar da su, ko kuma kunne ya yi rauni a koya wa ƙwaƙwalwa aiki da abin da ya rage.

Mataki na farko: tambayoyi uku

Yaya jirin yake, tsawon wane lokaci yake ɗauka, kuma me ke tayar da shi?

Wanda ya ce da ya miƙe tsaye idonsa ya yi duhu, jikinsa ya mutu, ya ji zai suma, galibi matsalarsa ba a kunne take ba. A duba ƙarancin jini, ƙishirwa a zafin Maris zuwa Mayu lokacin da ma'auni ke wuce 40, azumi, suga da ya sauka, zazzaɓi, ko maganin hawan jini da ya yi masa ƙarfi. Na kunne hajijiya ce: ɗaki na juyawa, ko kai ka ji kana juyawa, ko ƙasa tana janka gefe guda.

Idan hajijiyar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma tana zuwa ne in ka juya a gado, in ka kwanta, in ka ɗaga kai ka ɗauko abu a sama, ko a ruku'u da sujada, to duwatsun ne ake fara zargi. Wannan ya fi kowane irin jirin kunne yawa, kuma a takardar asibiti za ka ga an rubuta VPPB. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura hamsin, da wanda ya bugu a kai, misali ya faɗo daga babur, da wanda jinya ta daɗe da shi a kwance.

Idan kuwa ta zo farat ɗaya ta zauna wuni da kwana, har kwana biyu ko uku, da amai, ko ka kwanta shiru ba ta tsayawa, sannan ta riƙa lafawa ta bar ka da tangaɗi, wannan ya fi kama da kumburin jijiyar daidaito ta kunne ɗaya.

Akwai kuma wadda ke zuwa tana komawa, kowane zuwa ya ɗauki tsakanin minti 20 zuwa awa 12, kunne ya toshe, yana ƙara, ji yana raguwa. Ita ce cutar da wani likitan Faransa, Prosper Ménière, ya bayyana a 1861, sunansa ya bi ta. Masu ciwon ɓarin kai su ma kan yi jiri mai zuwa yana komawa, ko da kan bai yi ciwo a lokacin ba.

Na ƙarshe ba ya juya ɗaki ko kaɗan. Mutum dai ya ga ba ya iya tafiya a duhu, in yana tafiya kuma rubutun allon shago yana tsalle a idonsa. Wannan kunnuwan biyu ne suka raunana tare, kuma a nan sai a tambaya ko an yi masa allurai masu yawa kwanan baya, domin jentamisin da istireftomisin suna iya lalata wannan sashe. Kinin ma yana sa ƙarar kunne da jiri, sai dai nasa yakan wuce bayan an gama shan maganin.

Mataki na biyu: wanda ba a yi masa atisaye, asibiti ake kai shi

Shanyewar ɓarin jiki tana iya farawa da jiri kawai, idan ta taɓa bayan ƙwaƙwalwa. Duk wanda jirinsa ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, kada a kwana da shi a gida: ganin abu biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu ko ya yi sanyi, haɗiya ta gagara, ciwon kai ko na wuya mai tsanani da bai saba yi ba, ko ya kasa tsayuwa ko zama sai an riƙe shi. A ƙara sa ido idan dattijo ne, ko mai hawan jini, ciwon suga ko sikila.

Haka kunnen da ya daina ji dare ɗaya, wannan na gaggawa ne, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Kunne mai fitar da mugunya da ya haɗu da jiri shi ma na likita ne, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Ana neman likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda za ka ga ORL a ƙofarsa, a manyan asibitocin Garwa, Marwa da Ngaundere, mutanen Kuseri kuwa Njamena na tsallaken gada. Mai koyar da atisayen shi ne kine, wato likitan gashin ƙashi da motsa jiki.

A ganina gwajin farko ya fi kyau a hannun ɗayansu. Amma mutumin Gidar ko Mora ko Yagwa ba kullum yake da kuɗin mota ba, kuma gara ya yi abin a kan sani da ya zauna wata uku yana tsoron juya wuya.

Mataki na uku: gano kunnen da duwatsun suka ɓalle

Likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana wannan gwaji a 1952, kuma har yau da shi ake dogara, don hoton kai ba ya nuna waɗannan duwatsu. Ba a yi wa mai karaya ko tiyata a wuya ko baya, mai ciwon wuya mai tsanani, mai ciwon zuciya da bai lafa ba, ko wanda bai daɗe da shanyewar jiki ko aikin ido ba.

A yi shi kafin a ci abinci, a aje roba kusa saboda amai. Mara lafiya ya zauna a kan gado ko katifa ya miƙe ƙafafu. A sa filo a bayansa, daidai inda kafaɗunsa za su sauka, ba kansa ba, ta yadda in ya kwanta kan zai ɗan rataya baya ya taɓa katifa. Mai taimako ya tsaya a gefe ya riƙe kan da hannu biyu, ya juya shi dama rabin hanya, wato tsakanin kallon gaba da kallon kafaɗa, abin da ake kira digiri 45.

Kafin a kwantar da mutum a gaya masa abin da zai ji, in ba haka ba zai zabura ya ɓata gwajin. Wanda zai yi wa mahaifiyarsa sai ya ce: "Inna, zan kwantar da ke da ɗan sauri. Ɗakin zai juya, amma kanki yana hannuna, babu inda za ki faɗa. Don Allah kada ki rufe ido, ki kalli goshina."

Sai a kwantar da ita baya a tashi ɗaya, kan yana nan a juye dama, a jira sakan 30 ana kallon ƙwayar idon. Idan kunnen dama ne, ba nan take abin ke zuwa ba. Sai an yi sakan kaɗan shiru, sannan ta ƙanƙame hannunka, ka ga ƙwayar idon tana fizga sama tana ɗan murɗawa wajen kunnen da ke ƙasa. Ya yi ƙarfi, ya ragu, kafin minti ɗaya ya tsaya. In akwai mutum na uku ya ɗauki idon a bidiyon waya, zai yi wa likita amfani fiye da duk bayanin baki. A zaunar da ita a hankali, ta huta minti biyu, a gwada hagu. Gefen da ya tayar da hajijiyar shi ne mai matsalar.

Idan idon gefe da gefe yake fizga, kuma juya kai dama da hagu duk suna tayar da jirin, duwatsun wani bututu dabam suka shiga, juyinsa ma dabam ne, sai kine. Idan ƙasa yake fizga, ko bai tsaya ba muddin ana kwance, a bar gwajin a tafi asibiti.

Mataki na huɗu: mayar da duwatsun

Wani likitan kunne a Amurka, John Epley, shi ya tsara wannan juyi, ya wallafa shi a 1992. Hikimarsa ita ce a riƙa karkata kai mataki-mataki, nauyin duwatsun ya gangara da su ta cikin bututun har su faɗa jakar da suka fito. Ga yadda ake yi wa kunnen dama, na hagu kuwa sai a juya komai.

1. Zauna a kan gado ƙafafu a miƙe, filo a bayanka kamar na gwaji. Juya kai dama rabin hanya.

2. Kwanta baya da sauri, kafaɗu a kan filo, kai ya rataya ya taɓa katifa, yana nan a juye dama. Hajijiya za ta zo. Ka jira ta tsaya, ka ƙara sakan 30.

3. Ba tare da ka ɗaga kai daga katifa ba, mirgina shi hagu har ya kai rabin hanya ta can gefen. Jira sakan 30, ko fiye idan jiri ya motsa.

4. Juya jikinka gaba ɗaya ka kwanta a ɓarin hagu, kan ya ci gaba da juyawa tare da jiki har hancinka ya kalli katifa a karkace. Jira sakan 30.

5. Sauko da ƙafafu ta gefen hagu na gado, ka tashi zaune a hankali, haɓa a ɗan sunkuye. Mai taimako ya riƙe kafaɗunka minti ɗaya, don a nan wasu kan ji an fizge su.

Inda aka fi ɓata aikin wuri biyu ne. A lamba ta uku mutane kan ɗaga kai kafin su juya shi, duwatsun su koma inda suka fito. A lamba ta huɗu kuma sukan juya jiki su bar fuska tana kallon bango, alhali ƙasa ya kamata ta kalla. Gaggawar tashi saboda tsoro ita ma tana ɓata shi, domin duwatsun a cikin ruwa suke tafiya, sai an ba su lokaci.

A hannun wanda ya iya, kusan mutum takwas cikin goma kan rabu da hajijiyar a zama ɗaya ko biyu. Wanda ke yi a gida ya yi sau uku a rana, har sai ya yi awa 24 cur bai ji ta ba, sannan ya daina. A da akan ce a kwana a zaune bayan juyin, yanzu an gano ba dole ba ne. Ɗan rashin daidaito da nauyin kai kan rage na kwanaki, wani har mako biyu, wannan tafiya da harkar yau da gobe ke kawar da shi. Idan an yi mako guda babu sauƙi, ko dai an kuskure kunnen, ko bututun, ko ciwon gaba ɗaya, sai a nemi likita.

Kine da ya yi karatu a tsarin Faransa wataƙila ya yi maka wani juyin, na Alain Semont, wanda aka bayyana a 1988: a kwantar da kai a gefe guda, sannan a wurga ka ɗaya gefen da sauri. Shi ma yana aiki, amma ba na gwadawa a gida ba ne. Akwai kuma atisayen Brandt da Daroff na 1980, inda za ka zauna a bakin gado, ka juya kai hagu ka kwanta dama sakan 30, ka tashi zaune sakan 30, ka yi ɗaya gefen, sau biyar-biyar, safe da rana da dare. Bai kai na Epley saurin aiki ba, ni dai ina ganin na wanda ya kasa gane kunnen ne.

Mataki na biyar: koya wa ido tsayawa

Daga nan zuwa ƙasa na wanda kunnensa ya yi rauni ne, ɗaya ko duka biyun, da wanda tangaɗi ya ƙi sakinsa. Asalin wannan aiki daga Ingila ne a shekarun 1940, lokacin da likitoci biyu, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa majinyatan da ke motsa kai sun fi masu kwanciya saurin miƙewa. Dalilin kuwa ƙwaƙwalwa ba ta gyara lissafinta sai ta ga inda yake kuskurewa, kuma ba za ta gani ba in kai a ƙame yake. Don haka da zarar aman kwanakin farko ya tsaya, a fara.

Samu ɗan kwali, ka rubuta babban harafi ɗaya a kai, ka manna a bango daidai tsayin idonka, ka zauna nesa da shi kamar taku ɗaya babba. Kafa ido a kan harafin. Ka riƙa girgiza kai dama da hagu, irin na mai cewa a'a, kaɗan-kaɗan ba har kafaɗa ba, ido bai bar harafin ba. Saurin da ake so shi ne iyakar wanda harafin ke fita tas. Ya fara dishi-dishi ko rawa, rage sauri. Ya fita tas babu wahala, ƙara sauri. A wannan iyakar ake samun riba, wanda ke yi a hankali can cikin jin daɗi yana ɓata lokacinsa ne kawai.

Fara da sakan 20 zuwa 30, ka huta, sannan ka yi sama da ƙasa irin na mai cewa i. Kullum ka ɗan ƙara har ka kai minti ɗaya, daga baya biyu. A rana a yi zama uku zuwa biyar. Idan ciwon sabo ne, jimillar ta kai aƙalla minti 12 a rana, idan ya haura wata uku ta kai minti 20, kuma a ɗauki mako huɗu zuwa shida ana yi. Mai raunin kunne biyu yana buƙatar fiye da haka, minti 20 zuwa 40 a rana. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce a ɗaura shi a bayan kowace salla, minti huɗu-huɗu, ka ga an sami ashirin ba a sani ba. Mai tabarau ya sa abinsa.

Idan zaune ya yi sauƙi, a koma tsaye. Daga nan a haɗe ƙafafu. Sannan a rataya atamfa mai zane da yawa a bango, a manna kwalin a tsakiyarta, don ido ya koyi riƙe abu ɗaya a cikin hayaniya, wanda shi ne abin da kasuwa za ta nema daga gare shi. Na ƙarshe a riƙa yi ana takowa wajen kwalin ana ja da baya.

Jiri zai ɗan tashi, kuma ana son ya tashi. Ka auna shi a ranka daga ɗaya zuwa goma: kada ya wuce huɗu ko biyar, kuma ya lafa cikin minti 15 zuwa 20 bayan ka tsaya. Idan ya kai ka ga amai ko ya wuni da kai, ka yi yawa, gobe ka rage tsawon, amma kada ka tsallake ranar.

Mataki na shida: tsayuwa

Tsaya a kusurwar ɗaki, bango biyu a bayanka ba ka jingina ba, kujera mai ƙarfi a gabanka, babu takalmi. Kowace tsayuwa sakan 30 ce. Ƙafafu a ware, sannan a haɗe, sannan ɗaya ta ɗan shiga gaban ɗaya, sannan diddige ya taɓa yatsun ta baya. Wadda ka iya da ido a buɗe, gwada ta da ido a rufe. Wadda ka iya a kan siminti, gwada ta a kan katifar soso ko bargo da aka ninka. Rufe ido yana cire taimakon gani, laushin ƙasa yana rage labarin da tafin ƙafa ke bayarwa, sai ƙwaƙwalwa ta koma ga kunne dole. Ba a haɗa rufe ido da katifa sai da mutum a tsaye kusa. A ƙara da tashi daga kujera da zama sau goma ba a dafa ba, musamman ga dattawa, don cinya mai ƙarfi ita ke tare faɗuwa.

Mataki na bakwai: tafiya, da komawa cikin mutane

A tsakar gida, kusa da katanga, ka yi tafiya kana juya kai dama da hagu duk bayan taku uku, kana kafa ido a kan wani abu a kowane gefe. Sannan sama da ƙasa. Aje buta biyu taku huɗu tsakani, ka riƙa zagaya su kana ratsawa ta tsakiya. Sunkuya ka ɗauki abu a ƙasa ka ɗora a kan taga. Duk motsin da ka san yana ɗan tayar maka da jiri, kuma an tabbatar ba duwatsu ba ne, yi shi da gangan sau uku zuwa biyar, safe da yamma, har jiki ya saba.

Bayan haka a fita. Tafiyar minti 20 zuwa 30 kullum, da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa. A fara da hanya mai kyau, a koma mai gargada, daga baya yashi. Mutanen Marwa suna da kogin Mayo Kaliyawo da rani, yashinsa wurin gwaji ne mai kyau, in mutum ya faɗi ma da sauƙi, amma a je da ɗan rakiya. Kasuwa ita ce babbar jarrabawa, saboda mutane da babura da launuka duk suna motsi a lokaci ɗaya. A je da sassafe kafin ta cika, a yi minti goma a fito, wani zuwan a ƙara. Mai ɗaukar kaya a ka ta fara da roba babu komai a ciki.

Maganin kwalba da na ƙwaya

Magunguna irin su Stugeron, Phenergan da Valium suna kwantar da jiri da amai ta hanyar dusashe saƙon kunne. A kwana biyu ko uku na farko rahama ne. Bayan nan sai su zama cikas, domin saƙon da suke dusashewa shi ƙwaƙwalwa ke buƙata ta yi gyara, ga shi suna sa barci, dattijo ya tashi fitsarin dare ya faɗi. Sau da yawa za ka tarar mutum ya yi watanni yana saye a kemis ko a wajen mai tebur, yana mamakin rashin warkewa. Wanda ya daɗe a kan Valium kada ya yanke dare ɗaya, likita ne zai rage masa. Kuma babu ƙwaya ko allura ko ƙarin ruwan da ke fitar da duwatsu daga bututu.

Mai cutar Ménière atisaye ba ya hana ta zuwa, yana dai gyara tangaɗin da take bari a tsakani, kuma ba a yin sa ranar da ta tashi. Ana ba shi shawarar rage gishiri, a tuna kuwa dunƙulen miya da kanwa da kilishi duk suna cikin lissafi. Sauran maganinsa na ORL ne.

Salla, aiki da dare

Kafin a warke, salla a zaune ta halatta ga wanda sunkuyawa ke kayar da shi, malamai ba su da saɓani a kai. Amma da an mayar da duwatsun a koma ruku'u da sujada, kada tsoro ya mayar da kujerar ta dindindin. Tuƙa babur ko mota, hawa tsani ko bishiya, jan ruwa a rijiyar da ba ta da baki, tsayuwa a kwalekwale a Binuwai ko Logon, duk a dakata har sai an iya juya kai da sauri ido bai ɗauke ba.

Duhu shi ne abokin gabar mai raunin kunne biyu. Ya kwana da tocila a ƙarƙashin filo, a kawar da tabarma mai naɗewa da igiyar shanya daga hanyar bayan gida, ya riƙe sanda in zai fita da dare, kuma kada ya yi nutso a ruwa, don a ƙarƙashin ruwa ba zai san ina ne sama ba. Mai ciwon suga a duba masa jijiyoyin ƙafa, mai yanar ido a yi masa aiki, saboda da su zai rama abin da kunne ya rasa.

Idan an yi mako shida ana atisaye tsakani da Allah babu ci gaba, ko ji yana raguwa a kunne ɗaya, ko an fara faɗuwa, a koma asibiti da kwalayen duk magungunan da ake sha da bidiyon idon in an ɗauka. Jirin duwatsu kuwa yakan dawo bayan watanni ko shekaru, kuma ba lallai a kunnen da ya fara ba, don haka duk ranar da ya dawo a sake gwajin mataki na uku kafin a yi juyin.